AMANAR DA AKE BINNEWA A CIKIN KANKARE

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, muna son mu jawo hankalinmu ga wani aiki da ido ba ya sake ganinsa da zarar an gama shi, wato ɗaurin rodi. Kuskuren mai fenti kowa zai gani a gyara. Amma na mai ɗaurin rodi, da an zuba kankare an binne shi ke nan, sai ranar da gini ya rufto.

Kankare yana jure danniya, amma ba ya jure ja da lanƙwasa. Wannan aikin rodi ne. Idan zane ya ce a sa mai milimita 16 aka sa mai 12, to an rage fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙarfen. Haka nan nisanta zobban ginshiƙi, ko gajarta haɗin rodi biyu, ko barin rodi kwance a kan katako har kankare ya kasa lulluɓe shi. Daga nan danshi ya shiga, tsatsa ta kumbura, ta tsaga ginin daga ciki.

Wannan ya fi shafar mu mutanen Haɗeja. Ƙasar fadamarmu laka ce, ta kumbura da damina, ta dare da rani, ga ruwa kusa. Mun ga yadda ambaliyar 2020 da ta 2022 suka kwanta a gindin gine-gine daga Auyo har Guri. Ginshiƙin da ya sha irin wannan ruwa, rodinsa kuma a waje, yaya zai ƙare?

Wanda ya yi kuskure bisa rashin sani, wajibinsa ya nemi sani. Wanda kuwa ya rage ƙarfe da gangan, ya yi algus, ya shiga sahun masu tauye mudu da Suratul Muɗaffifina ta yi wa narko. Kada ranar da bene ya danne 'ya'yan mutane mu fake da ƙaddara, alhali mu muka yi sakaci.

Saboda haka muna kira ga kwamitocinmu na ginin masallatai da makarantun Islamiyya: kada a zuba kankare ko kwano ɗaya sai injiniya ya duba rodi, ya ƙirga, ya auna. Dukiyar ta jama'a ce, rayukan ma nasu ne.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.