Kansar hanji ba tare da wuƙa ba: mu yi murna, amma kar mu gudu daga tiyata

Labarin nan da ke yawo a WhatsApp cewa an samu maganin kansa ba sai an yanka mutum ba, akwai gaskiya cikinsa. Amma a tsaya a ji shi duka.

A 2022, likitocin asibitin Memorial Sloan Kettering na birnin Niyok, a Amurka, sun bayyana cewa sun ba mutum 12 masu kansar ƙarshen hanji wani magani, dostarlimab, ta jijiya, kowane sati uku har wata shida. Dukansu ƙarin ya ɓace. A 2025 aka fitar da sakamakon gwajin da aka faɗaɗa har da kansar tumbi da ta maƙoshi: cikin mutum 103 da suka gama shan maganin, kamar 8 cikin 10 ba a yi musu tiyata ba.

Yaya yake aiki? Kansa takan ɓoye wa sojojin jiki. Maganin yana tone mata asiri, jiki ya yaƙe ta da kansa. Wanda ya san halin mai yawo da leda a gefen ciki bayan an yanke masa hanji, da damuwar tsarki da kunyar shiga mutane, ya san wannan babban abu ne.

To, amma fa ba kowace kansa yake ci ba. Sai irin da ake kira dMMR, wadda ba ta wuce 5 zuwa 10 cikin 100 na kansar ƙarshen hanji ba, kuma sai analiz ta nuna. Ga kuɗi: a 2022 ƙarin ruwa ɗaya ya kai kusan dala 11,000 a Amurka, kuma tara ake yi. Sama da miliyan 50 na sefa ke nan. Wane talaka ne a Maradi ko Tawa zai iya?

Abin da muke tsoro, wani ya ji labarin ya ƙi tiyata yana jiran allura, ciwo ya ci ƙarfinsa. A wurinmu, har yanzu tiyata da wuri ita ke ceton rai. Jini a bayan gida, rama, canjin bahaya na makonni, kar mu ce basir ne mu zauna kan jiƙo. Mu tafi likita.

Hukumomi kuma, ga roƙonmu: cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai ita kaɗai ba ta isa ba. A kai kyamarar duba hanji da gwajin tsoka manyan asibitocin Damagaram, Maradi da Tawa. Ko maganin ya yi araha gobe, wanda aka gano ciwonsa da wuri shi zai amfana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.