In Imam Ɓarawo Ne, Ibn Muƙaffa Fa?

Da an gano cewa wani labari na Magana Jari Ce yana da tushe a Alfu Laila ko a tatsuniyoyin Jamusawa, sai ka ji ana cewa ashe Abubakar Imam kwafa ya yi. Wasu har satar fasaha suke kiran abin. Wannan magana tana ƙona mini rai, domin mai faɗinta bai san yadda labari yake yawo a duniya ba.

A ɗauki Kalila wa Dimna, littafin da malaman Larabci ke ji da shi. Asalinsa Indiya ne, cikin harshen Sanskirit, sunansa Pancatantara. A ƙarni na 6, likitan Sarki Kisra Anushirwan, wato Burzuya, ya kai shi Farisa ya juya shi zuwa Fahalawi. Wajen shekarar 750 Abdullahi Ibn Muƙaffa ya mayar da shi Larabci. Na Fahalawin ya ɓata, ba wanda ke da shi yau. Daga Larabcin ne ya shiga Ibrananci da Latin, ya shiga Sifaniyanci a 1251.

To, ga inda gizo ke saƙar. A labarin Indiya, wani dila mai annamimanci ya haɗa zaki da sa, zaki ya kashe amininsa, dila kuma ya ci bulus. A Larabcin sai ga babi guda sabo: an gurfanar da dilan, wato Dimna, gaban shari'a, ya yi ta kare kansa da daɗin baki, shaidu suka tona shi, aka kashe shi. Masana sun tafi a kan cewa Ibn Muƙaffa ne ya ƙara wannan babi. Mutum ne da ya zauna kusa da masu mulki, ya ga abin da makirci ke yi a fada, zuciyarsa ba ta yarda magulmaci ya tsira ba. Wa zai ce ya ɓata littafin? Ai nan ne ma zaƙinsa yake.

Irin wannan aiki Imam ya yi a 1937, lokacin da ya sa labaran nesa a bakin aku, ya tura su fadar sarkin Hausa, suka yi rawani, suka koyi karin magana. Ɗaliban adabi, ku ajiye binciken ɓarawo. Ku buɗe littafin Imam da wanda ya ɗauko labarin daga ciki gefe da gefe, ku nuna mana abin da ya cire, da abin da ya ƙara, da dalilinsa.