Bayan Ali Baba, wa zai yi wa Hausawan Briqueterie waƙa?

Fiye da shekara 20 ke nan da rasuwar Amadou Baba Ali, wanda aka fi sani da Ali Baba, mawaƙi kuma ɗan rawa da ya kai kiɗan Hausawa da Fulanin arewacin Kamaru zuwa manyan dandalin Yaounde da Faransa. Har yau sunansa na fitowa idan ana maganar mawaƙan arewa, amma hanyar da ya bi ya yi suna ta kusan toshewa. Abin ya fi fitowa fili a Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa da ke gundumar Yaounde ta biyu, inda kusan duk waƙar Hausa da ke tashi daga shagunan tela da wuraren masu tsire daga Najeriya take zuwa.

An haifi Ali Baba a Garwa a 1956. Ya yi aiki da ƙungiyar rawa ta ƙasa daga 1980 zuwa 1984, sannan ya tafi Paris, inda ya naɗi waƙoƙinsa. Ya yi sa'ar zamani, domin a 1985 aka buɗe talabijin a Kamaru, kuma mawaƙin da ya iya rawa ya samu hanyar shiga gidajen da ba a jin harshensa. Salonsa ya haɗa kiɗan gargajiya da kayan kiɗan zamani. Cutar shanyewar jiki ta same shi a 1993, ya rasu a Yaounde a watan Mayu na 2004.

Abin lura a tarihinsa shi ne matakalar da ya hau: hukumar gwamnati mai biyan albashi, kamfanin faifai, da talabijin guda ɗaya da ƙasa duka ke kallo. Matashin da ya taso yau da kalangu ko gurmi a Garwa ko Briqueterie ba shi da ko ɗaya daga cikinsu a yadda suke a da. Kasuwar kaset da faifai ta mutu, waƙa ta koma yawo daga waya zuwa waya ba tare da an biya ko sisi ba.

Abin da ya rage wa mawaƙi shi ne wasa a gaban jama'a. A Briqueterie kuwa, kamar sauran zangunan Hausawa, wasan ba na tikiti ba ne. Biki ne, ko suna, ko naɗin sarauta, ko shagalin bayan Salla. Mai gayya ya ɗauki nauyin mota da masauki, sauran kuɗi su fito daga liƙi. Tsarin tsoho ne. Da shi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya zaga ƙasashen maƙwabta, da shi kuma Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya rayu da kuntiginsa. Amfaninsa shi ne mawaƙi na kusa da mutanensa. Illarsa kuwa, wanda ya ba da kuɗi shi ake wasawa. Waƙa irin ta Karen Mota, wadda Ɗan Maraya ya yi a kan talaka mai neman na abinci, ba kasafai take samun mai ɗaukar nauyi a gidan biki ba.

Canjin kuɗi ya ƙara karkata ma'aunin. Sefa na ɗaure da yuro, a kan 655.957 kowane yuro ɗaya. Naira kuwa, tun da gwamnatin Bola Tinubu ta sake ta ga kasuwa a watan Yuni na 2023, ta faɗi daga kimanin 460 a kan dala zuwa sama da 1,500 a 2024, har sefa 1,000 ta haura naira 2,000. Ma'ana, liƙin dare ɗaya a Yaounde ko Duwala ya ƙara daraja sosai ga mawaƙin Kano ko Kaduna, mai gayya kuma yana iya kawo sanannen suna da kuɗin da bai kai na da ba. Mawaƙin gida shi ke kwana a ciki, domin yana takara da wanda 'yan unguwa suka riga suka sani ta fina-finan Kannywood da YouTube.

Duk da haka tafiyar ba mai sauƙi ba ce. Rikicin Boko Haram ya daɗe yana barazana ga hanyar Maiduguri zuwa Banki da Marwa, abin da ya sa da yawa ke bi ta Yola zuwa Garwa, su gangara Ngaundere, su kwana a jirgin ƙasa na Camrail kafin su isa Yaounde. Rufe iyakokin ƙasa da Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya nuna yadda shawara ɗaya daga Abuja ke iya tsayar da harkar cik. Idan an iso kuma, dokar 1990 kan tarukan jama'a ta wajabta a sanar da hukuma tun kafin ranar. Ga matsalar fili: unguwar a cunkushe take, kuma babban zauren wasanni na Warda da aka buɗe a 2009 a gefenta ya fi ƙarfin aljihun yawancin masu shirya wasan Hausa.

A takarda akwai wata hanyar samun kuɗi. Dokar haƙƙin mallaka ta Disamba 2000 ta tanadi a biya mawaƙi idan an yi amfani da waƙarsa. Sai dai hukumomin tara kuɗin sun yi ta rushewa ana kafa sababbi, daga SOCINADA zuwa CMC, zuwa SOCAM, har SONACAM da aka kafa a 2017, kowacce da rigimar shugabanci da ta rabo. Makaɗin gargajiya da bai yi rajistar waƙoƙinsa ba, kuma gidajen rediyon birni ba sa saka shi, ba ya ma cikin lissafin.

Abin da ake shirin rasawa ya wuce nishaɗi. Faransanci da Turanci ne harsunan hukuma a Kamaru, Fulatanci ke da rinjaye a kasuwannin arewa, yaran Briqueterie kuma da Faransanci suke karatu. A irin wannan hali waƙa na cikin 'yan abubuwan da ke riƙe Hausa a bakin matasa. Waƙar Kano tana wannan aikin, amma ba za ta ambaci rusau ɗin da ya taɓa unguwar a ƙarshen shekarun 2000 ba, ba ta san sunayen fataken da suka kafa zangon ba, ba ta kuma san wahalar neman katin ɗan ƙasa ga wanda kakansa ma a Kamaru aka haife shi ba.

Gyaran farko yana hannun masu gayya da ƙungiyoyin Hausawa: duk lokacin da aka kawo baƙo daga Najeriya ko Nijar, a ba mawaƙin gida wuri da kasonsa, a naɗi wasan, a taimaka masa ya yi rajista. Ali Baba ya samu hukuma da talabijin suka ɗaga shi. Wanda zai gaje shi ba shi da wanda zai ɗaga shi sai mutanen unguwarsa.