Mu Daina Ihu Bayan Hari

'Yan uwa fatake, mu da muke kai shanu Nijeriya mun san farashin bijimi a Maigatari da Illela, mun san kuɗin tirela har Legas. Amma kaɗan ne cikinmu suka san inda ake yin dokar da za ta tare mana hanya. Sai an kama mana dabba sannan mu hau salati.

To, ga yadda abin yake. Majalisar tarayya a Abuja zaure biyu gare ta. Akwai ta dattawa mai mutum 109, wato uku-uku daga jihohi 36 da ɗaya na Abuja. Akwai ta wakilai mai mutum 360, da aka raba kujerunta bisa yawan jama'a. Kowane shirin doka sai an karanta shi sau uku. Karatun farko gabatarwa ce kurum. A na biyu ake tafka muhawara, daga nan a miƙa wa kwamiti, shi kuma yakan kira jama'a kowa ya zo ya faɗi bakinsa. Bayan karatu na uku sai a aika wa ɗaya zauren, su ma su bi shi daki-daki. In zaurukan sun saɓa, a haɗa kwamitin sasantawa. Sannan a kai wa shugaban ƙasa, yana da kwana 30 ya sa hannu. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowane zaure na iya zartar da shi ko ba sa hannunsa.

Hikimar ba baƙuwarmu ba ce. Ko a tike, in mai saye ya duba haƙorin sa, ai dillali kan sake dubawa. Abin da ya kuɓuce wa ido ɗaya, na biyu zai gani.

Amma a lura, jihohin Nijeriya ba haka suke ba. Majalisar jiha zaure ɗaya ce tak, mutum 24 zuwa 40. Suna gamawa sai teburin gwamna. Haka aka yi a Binuwai a 2017: majalisa ta amince, Gwamna Samuel Ortom ya sa hannu, ran 1 ga Nuwamba dokar hana kiwon sake ta fara aiki, har da hana kora dabbobi a ƙasa, sai dai a mota. A 2021 Legas ma ta yi tata. Mu nawa muka ji labari kafin a gama?

Wani zai ce, mu baƙi ne, ba mu da ƙuri'a a can. Gaskiya ne. Sai dai masu masaukinmu da dillalanmu 'yan ƙasa ne, kuma asararmu tasu ce. Ranar da kwamiti ya buɗe ƙofa, su ke da bakin magana a madadinmu.

Saboda haka shawararmu ita ce ƙungiya ta naɗa mutum guda mai karatu, aikinsa bin labarin majalisun jihohin da shanunmu ke ratsawa. Da ya ji an yi karatun farko, ya sanar da shugabanni, a rubuta takarda tare da 'yan uwanmu na can, a kai gaban kwamiti. A Abuja in ƙofa ɗaya ta rufe akwai ta biyu. A jiha kuwa in ta rufe, shi ke nan. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai mu gida lafiya.