Ƙwan fitila ba ya shanye wuta: Kira ga malaman kimiyya a Sakkwato

Kwanakin baya na zauna da wasu 'yan ajin ƙarshe na sakandare a nan Sakkwato, masu shirin jarrabawar WAEC. Na miƙa musu batir da ƙwan tocila da guntuwar waya, na ce su kunna ƙwan. Akasarinsu sai suka manna waya a kan batirin, suka kai ɗaya bakin gindin ƙwan, suka zuba ido suna jiran haske. Su ne kuwa yaran da za su karanto maka dokar Ohm ba gargada.

Ni dai ban ga laifinsu ba, domin harshenmu ya riga malami shiga aji. Tun zamanin NEPA yaro ke jin "an kawo wuta", "an ɗauke wuta", "hita na shan wuta", saboda haka ya ɗauka lantarki tamkar ruwan jarka ne, ana kawowa, ana sha, yana ƙarewa. Mai irin wannan tunani bai ga amfanin waya ta biyu ba, kuma zai rantse cewa abin da ya fito daga ƙwan bai kai wanda ya shiga ba. Ba mu kaɗai ba ne. Binciken David Shipstone na 1984 a Ingila ya nuna yaran can ma suna riƙe da wannan fahimta, har bayan an koyar da su darasin.

Alhali kwararar lantarki a gaban ƙwan da bayansa daidai take. Mai karatu ya dubi bel ɗin injin niƙa: yana zagayawa ya komo cikakke, amma ya kai ƙarfin injin ga maniƙa, in kuwa ya tsinke ko'ina ne, aiki ya tsaya. Abin da ke ƙarewa a batir makamashi ne. Ƙwayoyin lantarkin kuwa suna cikin wayar tun fil'azal, tafiyarsu ba ta kai milimita 1 a daƙiƙa ba. A wutar gidajenmu ma kai-kawo kawai suke yi sau 50 a daƙiƙa, babu wata ƙwaya da ta taso daga Kainji ta iso Mabera.

Wani zai ce ai wannan maganar 'yan boko ce. To, su waɗannan yara ne gobe za su haɗa mana sola a garin da rana ba ta yi mana rowa. Wanda bai gane da'ira ba, ba zai fahimci abin da ya sa batir biyu masu bolt 12 ke ba da 24 idan an jera su, su tsaya a 12 idan an haɗa su kafaɗa da kafaɗa ba. Haka kuma ba zai gane cewa duk na'urar da aka ƙara a soket guda tana ƙara kwararar da ke bin waya ɗaya, har ta yi zafi ta narke.

Don haka nake kira ga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ke da cibiyar binciken makamashi, da su sa ɗaliban koyon malanta su fara da batir da ƙwai kafin alli. A tambayi yaro hasashensa, ya rubuta, sannan a sa ma'aunin kwarara a gaban ƙwan, a sake sawa a bayansa, ya karanta lambobin biyu da idonsa.