Sharhi: Gidajen giyar ƙauyukan Ingila na fafutukar tsira

A watan Oktoban shekarar 2015, lokacin da shugaban ƙasar Sin, Xi Jinping, ya kai ziyarar aiki Birtaniya, Firayim Ministan wancan lokaci, David Cameron, ya kai shi wani ɗan ƙaramin gidan giya mai suna The Plough da ke ƙauyen Cadsden, kusa da Chequers, gidan hutun firayim ministocin ƙasar. A can suka ci soyayyen kifi da dankali, suka sha giyar gargajiya, 'yan jarida suna ta ɗaukar hotuna.

Mista Cameron ba shi ne farau ba. A watan Nuwamban 2003, Tony Blair ya kai shugaban Amurka, George Bush, gidan giya na Dun Cow da ke Sedgefield, mazaɓarsa a arewa maso gabashin Ingila. Mista Bush, wanda ya daɗe da barin shan barasa, ya sha irin giyar nan da ba ta bugarwa.

Shugabannin biyu sun so ne su nuna wa baƙinsu abin da Turawan Ingila ke ɗauka a matsayin fuskar ƙasarsu. To amma wannan fuska tana ta dushewa. Alkaluman ƙungiyar masu sana'ar giya ta Birtaniya, BBPA, sun nuna cewa a shekarar 2000 akwai gidajen giya kimanin 60,000 a ƙasar. Ya zuwa 2024 sun ragu zuwa kusan 45,000, wato an rufe kusan ɗaya cikin kowane huɗu.

Majalisar ƙauye

Ga mai karatun da addininsa ya haramta masa barasa, rufe gidan giya ba zai zamo abin jimami ba. Su ma likitocin Birtaniya sun sha yin gargaɗi game da illarta: a shekarar 2023 kaɗai mutane fiye da 10,000 ne suka mutu a ƙasar sakamakon cututtukan da barasa ta haddasa kai tsaye, adadin da ba a taɓa ganin irinsa ba kafin lokacin.

Sai dai fahimtar abin da ya sa batun ke tayar da ƙura har a majalisar dokoki na buƙatar a duba matsayin wurin a ƙauye. Abin da Turawa ke kira "pub" tsohuwar al'ada ce. Tun a shekarar 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayar da giya su rataya alama a ƙofarsu domin jami'ai su gane su, kuma har yau allunan da aka zana da hannu suna nan suna lilo a bakin hanya. A ƙarnonin baya, a cikin waɗannan gidaje ake zaman binciken musabbabin mutuwa, ake gwanjon filaye, matafiya kuma su kwana.

A yau ma nan ne majalisar ƙauye. 'Yan wasan kurket na haɗuwa a wurin bayan wasa, dangin mamaci na karɓar gaisuwa bayan jana'iza, tsohon da ke zaune shi kaɗai kuma na samun wanda zai tambayi lafiyarsa. Ƙauyuka da dama sun riga sun rasa kanti da gidan waya da motar haya, majami'u kuma ba sa cika kamar da. Idan gidan giya ya bi sahu, babu sauran wurin da jama'a za su haɗu a ƙarƙashin rufi guda.

Me ya kawo koma-bayan?

Dalilan suna da yawa, kuma sun daɗe suna taruwa. Tun a 1967, da aka fara gwada numfashin direbobi, zuwa gidan giyar da ke bayan gari a mota ya zama abin taka-tsantsan.

A 1989 gwamnatin Margaret Thatcher ta tilasta wa manyan kamfanonin giya shida su saki dubban gidajen da suka mallaka, da nufin buɗe kasuwa. Akasarin gidajen sai suka faɗa hannun kamfanonin kadarori, waɗanda suka ci bashi mai yawa suka saye su. Masu haya sun yi ta kukan cewa ana tilasta musu sayen giya daga mai gida a farashin da ya fi na kasuwa, lamarin da ya sa aka kafa dokar sa ido kan wannan hulɗa a 2016.

Ranar 1 ga watan Yulin 2007 aka hana shan taba a wuraren taruwar jama'a a Ingila. Shekara guda bayan haka tattalin arzikin duniya ya shiga mawuyacin hali, gwamnati kuma ta ɓullo da tsarin ƙara harajin giya duk shekara da kashi 2 cikin 100 sama da hauhawar farashi. Kafin a soke tsarin a 2013, harajin ya tashi da kimanin kashi 42 cikin 100.

A ɗaya ɓangaren, manyan kantuna na sayar da giya da araha, kuma ba a ɗora harajin kayan masarufi kan yawancin abincin da suke sayarwa, alhali gidan giya na biyan kashi 20 cikin 100 kan kowane faranti. Tun tsakiyar shekarun 2010 giyar da ake saye a kanti a sha a gida ta zarce wadda ake sha a waje. Masu kare gidajen giya na kafa hujja da wannan, suna cewa rufe su bai rage matsalar shaye-shaye ba, illa dai ya mayar da ita cikin ɗaki, inda babu mai cewa ya isa haka.

Annobar korona ta sa an rufe su baki ɗaya daga watan Maris zuwa farkon Yulin 2020, sannan aka sake rufewa daga baya. Kuɗin wuta da na iskar gas sun yi tashin gwauron zabi bayan da Rasha ta mamaye Ukraine a 2022. A watan Afrilun 2025 kuma aka ƙara kuɗin inshorar ƙasa da masu ɗaukar ma'aikata ke biya daga kashi 13.8 zuwa kashi 15 cikin 100.

Akwai masu ɗora laifin a kan ƙaruwar al'ummomin da ba sa shan barasa. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa Musulmi miliyan 3.9 ne ke zaune a Ingila da Wales, kashi 6.5 cikin 100 na jama'a, kuma gaskiya ne an mayar da wasu tsofaffin gidajen giya masallatai ko gidajen abinci a birane irin su London da Birmingham da Bradford. Amma wannan hujja ba ta bayyana abin da ke faruwa a ƙauyuka ba, inda Musulmi ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya fi tasiri shi ne matasan ƙasar gaba ɗaya ba sa shan barasa kamar yadda iyayensu suka yi.

Giyar ganga da tukunyar abinci

Abubuwa biyu ne masu gidajen suka riƙa domin jawo baƙi. Na farko shi ne giyar gargajiya, wadda ba a tace ta, ba a kuma dafa ta domin ta daɗe. Takan ci gaba da tsima a cikin ganga a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a janyo ta da famfon hannu. A 1971 wasu mutane huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA domin hana manyan kamfanoni kawar da ita, kuma ƙungiyar ta yi nasarar farfaɗo da ƙananan masana'antu. Matsalar ita ce gangar da aka buɗe dole ta ƙare cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba ta lalace. Gidan da ba ya samun ciniki sosai asara yake yi da ita.

Na biyu shi ne abinci, kuma shi ya fi kawo riba. A da, abin da baƙo zai samu bai wuce burodi da cuku da albasar da aka jiƙa a ruwan tsami ba. Tun bayan buɗe gidan The Eagle a London a 1991, inda aka fifita girki a kan sha, salon ya bazu zuwa karkara. Ranar Lahadi iyalai kan fito daga birni domin cin gasasshen naman sa da dankali da kayan lambu. A 2011 gidan The Hand and Flowers da ke garin Marlow ya zama gidan giya na farko da ya samu taurari biyu na Michelin, lambar da ake bai wa fitattun gidajen abinci.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Wasu mazauna ƙauyuka na ƙorafin cewa gidajen sun koma wuraren cin abincin masu hali, inda sai an kama teburi tun kafin a zo, manomi da lebura kuma ba su da wurin zama.

Jama'a sun tashi tsaye

A wasu wuraren mutanen ƙauye ne ke yin karo-karo su saye gidan. A 2003 mutane fiye da 100 suka haɗa kuɗi suka sayi The Old Crown a ƙauyen Hesket Newmarket da ke yankin Cumbria, kuma yanzu akwai irin waɗannan gidaje fiye da 150 a Birtaniya. Wasunsu sun haɗa da kanti da gidan waya da ɗakin karatu, dabarar da Sarki Charles ya ƙarfafa tun yana yarima mai jiran gado, lokacin da ya ƙaddamar da shirin Pub is The Hub a 2001.

Dokar da aka kafa a 2011 ta bai wa jama'a damar yi wa gidan giyarsu rajista a matsayin kadarar al'umma, abin da ke ba su wa'adin watanni shida su nemo kuɗi idan za a sayar. Daga 2017 kuma sai da izinin hukuma ake rushe gidan giya ko a sauya masa aiki a Ingila.

An ga zafin batun a watan Agustan 2023, lokacin da gobara ta cinye The Crooked House, sanannen karkataccen gidan nan na yankin Staffordshire, jim kaɗan bayan an sayar da shi, aka kuma rushe abin da ya rage bayan kwana biyu. A watan Fabrairun 2024 ƙaramar hukumar yankin ta ba da umarnin a sake gina shi yadda yake, masu shi kuma suka ɗaukaka ƙara.

Doka na iya kare gini, amma ba za ta cika shi da masu ciniki ba. Ƙauyen da ke da masu kuɗi da masu yawon buɗe ido zai iya riƙe nasa gidan, ko da kuwa ya rikiɗe ya zama gidan abinci. Ƙauyen da ba shi da ko ɗaya, wanda kuma shi ya fi buƙatar wurin haɗuwa, shi ne ke cikin haɗarin wayar gari ya ga an cire allon ƙofa, an mayar da ginin gidan kwana.