Hasken Da Ke Cin Ido: Nasiha Ga 'Yan'uwa Na Agege

Akwai wata mas'ala da ta yawaita a bakin jama'armu a 'yan shekarun nan, tun daga majalisun bayan sallar Lisha a Zangon Agege har zuwa rumfunan 'yan gwari na Mile 12 da turakun 'yan tumaki na Alaba Rago, ita ce ko haske mai ƙarfi yana iya kashe ido, ko ma ya jawo wa mutum ciwon daji. Galibin masu tambayar, idan aka bi diddigin maganarsu, sai a tarar wayar hannu suke nufi, ko farin ƙwan lantarkin nan na zamani, domin su ne ake yawan yaɗa jita-jita a kansu. Amsata a taƙaice ita ce, na'am, haske yana cin ido, kuma wani nau'insa yana jawo ciwon daji. Sai dai mun kai tsoronmu inda hatsarin yake kaɗan, mun kuwa bar inda yake da yawa ba mai tsaro, wato ƙofar shagon mai walda da fatar ɗan zabiya da ke yawo a tsakiyar rana.

Sanin cewa haske yana cutar da ido ba sabon ilimi ba ne, kuma ba daga Turai ya fara zo mana ba. Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, da wannan lura ya buɗe bahasinsa a kan gani a cikin Kitabul Manazir, inda ya nuna cewa duk wanda ya ƙura wa rana ido sai ya ji zafi da cutuwa, ya kuma kafa hujja da haka a kan cewa haske ne ke shigowa cikin ido daga waje, saɓanin ra'ayin magabatansa masu cewa ido ne ke fitar da haske ya kai ga abin da ake kallo. Abin da likitocin wannan zamani suka ƙara a kan maganarsa shi ne, a cikin hasken rana, da kuma wutar walda, akwai wani ɓoyayyen sashe wanda ido ba ya ganinsa, fata kuma ba ta jin ɗuminsa, masana suna yi masa laƙabi da UV, kuma shi ne yake ƙona ƙwayoyin halittar jiki ya ɓata tsarin da Allah Ya shimfiɗa a cikinsu. Mafi kaifin wannan sashe, Ubangiji cikin rahamarSa Ya sanya wani rufi na iska a sararin sama yana tare shi kafin ya iso ƙasa. Amma wutar walda a ƙasa ake kunna ta, kamu biyu ko uku daga fuskar mutum, babu wani rufi tsakani sai wanda ya sanya wa kansa.

To, duk wanda ya bi tsohon titin Abeokuta, ko ya ratsa ta Oko-Oba da Dopemu da gindin gadar Pen Cinema, ya san yadda sana'ar walda ta bunƙasa, ya kuma san cewa 'ya'yanmu suna cikinta tsundum. Kakanninmu goro ne ya kawo su Agege, suka yi ta ɗora huhuna a jirgi tun bayan da dogo ya isa Kano a 1911. Jikokinsu kuwa, da waɗanda fatara da rashin zaman lafiya suka koro daga Arewa, da yawansu ƙarfe ne abincinsu: su ƙera ƙofa da taga, su gyara baro da kurar ruwa, su liƙe ƙashin Keke Napep, su mai da kwantena shago. Sana'a ce ta halal mai albarka, ba ni da abin cewa game da ita sai yabo. Abin da nake kuka da shi shi ne yadda za ka ga maigidan shago, in ma ya kyauta, ya saka baƙin tabarau irin na kwalliya, yaron da ke riƙe masa ƙarfe kuwa, wanda sau da yawa bai wuce shekara goma sha biyu ba, ba shi da komai sai runtse ido da kau da kai, alhali shi ma fuskarsa tana kusa da wutar kamar ta ubangidansa.

Makircin wannan cuta shi ne ba ta bayyana nan take. Mutum zai yi aikinsa lafiya lau, ya tashi, ya ci tuwon dare, sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, a tsakar dare, ya farka da idanu jawur, hawaye na zuba, yana jin kamar an cika masa su da yashi, ko hasken ashana ba ya iya kallo. Masu sana'ar sukan ce walda ta shiga idonsa, su ɗauke shi abin da kowane ɗan koyo sai ya ɗanɗana. Haƙiƙanin abin da ya faru shi ne fatar nan mai garai-garai da ke gaban baƙin ido ta ƙone. Kuma da yake takan warke da kanta cikin kwana ɗaya zuwa uku, sai aka raina ta. Amma fa ɓarnar da ta fi girma takan zo ne daga magani: wannan ya ɗiga nono, wancan ruwan albasa ko na sukari, wani ya rambaɗa kwalli, wani kuma ya je kemis a ba shi maganin ɗigawa mai kashe zafi ko mai ɗauke ja, ya yi ta amfani da shi wata da watanni ba da izinin likita ba. Na farkon suna shigar da ƙwayoyin cuta cikin raunin har ya zama gyambo ya bar hakiya. Na biyun kuwa, mai kashe zafi yana hana raunin warkewa, mai ɗauke ja kuma yana iya jawo hawan jinin ido, wanda in ya tafi da gani ba ya mayar da shi.

Game da ciwon daji kuwa, a nan ma magana ta wuce zato. Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya hasken rana cikin sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji tun 1992. A 2017 kuma ta yanke irin wannan hukunci a kan ɓoyayyen hasken walda, saboda wani ciwon daji da ke tsirowa a cikin ƙwayar ido, da kuma hayaƙin walda, saboda ciwon dajin huhu. Adalci ya wajabta in faɗi cewa ciwon dajin cikin ido ba ya da yawa, musamman ga baƙar fata, kuma mafi yawan masu walda za su tsufa ba su gamu da shi ba. Amma hukunci ya tabbata cewa sababi ne, kuma mai hankali ba ya zama kusa da sababin halaka don kawai ta tsallake maƙwabcinsa.

Ita kanta rana tana da hanyoyi biyu na cin ido, ɗaya ta gaggawa, ɗaya ta sannu. Ta gaggawar ita ce ƙura mata ido, domin ƙwayar ido tana tattara haske wuri guda kamar yadda yara ke tattara rana da gilashin ƙara girma su ƙona takarda, sai ya sauka a kan tantanin da ke can bayan ido ya ƙona tsakiyarsa. Kuma da yake wannan tantani ba shi da jijiyar jin zafi, mutum ba ya sanin ya cutu sai ya ga baƙin ɗigo a tsakiyar duk abin da ya kalla. An fi samun wannan ranar kusufi. Manyanmu suna tune da na ranar Laraba, 29 ga Maris, 2006, wanda ya rufe rana ruf a Shaki da Gusau da Katsina, mutanen Legas kuma suka ga wani sashe nasa. Bisa lissafin masana falaki, in Allah Ya kai mu, za a yi wani ranar 2 ga Agusta, 2027, wanda zai rufe rana a Makka da Jidda, sannan wani ranar 20 ga Maris, 2034, wanda zai bi ta kan Legas ɗin nan tamu. Baƙin tabarau, da gilashin da aka turara da hayaƙi, da kallon rana a cikin kwanon ruwa, babu ɗayansu da ke kare ido. Sunna kuwa ta riga ta nuna mana mafita, domin ranar da aka yi kusufi a Madina, ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, salla da addu'a da sadaka aka umarci mutane da su; wanda ke cikin sahu yana ruku'u ba shi da lokacin ɗaga kai ya kalli sama.

Hanyar sannu kuwa ita ce ta masu wuni a rana shekara da shekaru, irin su ɗan acaba, da mai tura baro, da ɗan garuwa, da mai jiran shanu a mahautar Oko-Oba. Legas ba ta da nisa da tsakiyar duniya, ranarta tana da kaifi ko da gajimare ya lulluɓe ta. Irin wannan zama yana gaggauta yanar ido, yana kuma haddasa jan naman nan da ke tsirowa daga gefen ido yana rarrafawa zuwa baƙinsa. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama, fiye da mutum 4 cikin 100 makafi ne, kuma yanar ido ce ta fi kowace cuta yawa a cikin dalilan. Tsufa ne babban sababinta, babu shakka, amma rana tana taya shi aiki, malafa kuwa da tabarau mai hatimin UV400 suna rage mata hannu.

Sai kuma waɗanda lamarinsu ya fi ba ni tausayi, su ne zabiya. Baƙin da ke fatarmu garkuwa ce da Allah Ya yi mana, shi ya sa ciwon dajin fata na rana bai cika kama mu ba. Su kuwa an halicce su ba tare da ita ba, don haka wannan ciwo yana daga cikin manyan abubuwan da ke kashe su a ƙasashen Afirka, sau da yawa tun suna samari. Yana farawa ne da ɗan ɓawo ko ƙurji a kunne, ko leɓe, ko ƙeya, wanda ba ya warkewa; in an kai asibiti da wuri a yanke shi a huta, in an tsaya shafe-shafe kuwa ya ci ya zurfafa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 13 ga Yuni na kowace shekara domin tunawa da su, amma ranar tunawa ba ta yi wa kowa inuwa. Uban da ya ɗora wa ɗiyarsa zabiya tallar ruwan leda a tsakiyar titi da azahar, ko malamin da ya tura almajirinsa zabiya bara kai ba hula, ya san cewa wuta yake tura shi ciki, ko da bai yi nufi ba. Haka nan mata masu shafa man bilicin su sani garkuwar nan ce suke kankarewa da kuɗinsu.

Wayar hannu fa? Haskenta, in aka gwada shi da na rana, bai taka kara ya karya ba, kuma ba a sami hujjar cewa yana makantarwa ko yana jawo ciwon daji ba. Illarta ita ce mai kallonta yakan rage ƙifta ido, sai ido ya bushe ya gaji, ga kuma hana barci da cinye lokaci. Wannan aibi ne na tarbiyya, maganinsa ajiye ta.

Na san za a ce mini talauci ne, wasu kuma su ce abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Game da talauci, garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 zuwa 13, wadda ita ce ta dace da waldar lantarki, kuɗinta bai kai ladan ƙera ƙofar gida guda ba, kuma shagon da ya iya sayen janareta bai rasa abin sayen guda biyu ba. Game da ƙaddara kuwa, malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, sakaci kuma ba ya zama ibada don an kira shi haƙuri. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani ya san cewa diyyar idanu biyu daidai take da diyyar rai sukutum, raƙumi ɗari, ta ido guda kuma rabin haka. Ban kawo wannan domin in yanke wa wani hukunci ba, wannan aikin alƙalai ne. Na kawo shi ne domin a ga irin kimar da Shari'a ta yi wa abin da muke barin yaro ya saka a gaban wuta saboda ƙyashin ɗan gilashi. Yaron nan amana ce iyayensa suka damƙa daga Kazaure ko Illela ko Maraɗi, domin ya koyi abin da zai ci abinci, kuma za a tambayi wanda ya karɓa.

Saboda haka ina kira ga Sarkin Hausawan Agege da 'yan majalisarsa, da shugabannin masu walda, su mai da shi sharaɗi cewa ba a ɗaukar ɗan koyo sai an tanadar masa garkuwarsa, a kuma kafa ɗan shinge na kwano tsakanin wuta da masu wucewa. Ina roƙon limamanmu su keɓe wa wannan batu huɗuba, su kuma tuna da shi idan kusufi ya gabato. Mawadatanmu na kasuwar shanu da ta canji, in suna neman sadaka mai gudana, ga ta nan a malafa da riga mai dogon hannu da man kariya daga rana ga 'ya'yan zabiya. Wanda kuma idonsa ya wuce kwana biyu yana ciwo, ko ganinsa ya ragu, ko ya ga tsiro a farin idonsa, ko ƙurjin da ya ƙi warkewa, to ya bar kemis ya nufi asibiti. Akwai cibiyar ido a Asibitin Koyarwa na Idi-Araba, akwai likitocin ido a na Ikeja, wanda ya koma gida kuma ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar a jira gwamnati, duk abubuwa ne da ke hannunmu. Allah Ya kiyaye mana ganinmu, Ya ba mu ikon sauke amanar waɗanda ke ƙarƙashinmu, amin.